MATA-MAZA DA ƘUNCIN JINSI: ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar goro na Sabo, Ibadan, ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya

 

  

Maganar da aka ɗora mini yau magana ce mai nauyi a baki, irin wadda Bahaushe ya fi son ya yi ta da raɗa. To amma wayar hannu ta riga ta kai ta har cikin ɗakunan 'ya'yanmu, saboda haka gara su ji ta daga bakinmu. Zan ambaci wasu sassan jiki da sunansu, manya a gafarce ni.

Abin da na lura da shi, in ana hira a rumfa ko a bakin masallaci, mukan tara mutum uku a kwando ɗaya: da mata-maza, da ɗan daudu, da wanda ya ce jikinsa na namiji ne amma a ransa mace ce shi. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa kasa goro ya san ba a zuba fari da ja da daushe a huhu ɗaya a yi musu kuɗi ɗaya. Na zauna da 'ya'yanmu likitoci da ke aiki a garin nan, na yi tambaya, na sa sun buɗe mini littattafansu, kuma abu na farko da suka nuna mini shi ne su a wurinsu waɗannan abubuwa daban-daban ne, maganinsu ma daban.

Bari mu fara daga cikin ciki. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ɗauke da wasu zarurruka na gado guda 46, likitoci na ce musu kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ne na jinsi, mace tana da XX, namiji yana da XY. Uwa kullum X take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y. Watau masu yi wa mace gori don tana jera 'ya'ya mata, sai su sake lissafi. To har ciki ya kai kimanin mako shida, halittar namiji da ta mace iri ɗaya ce. A jikin Y ɗin nan akwai wani ɗan wuri da masu bincike suka gano a birnin Landan a 1990, suka sa masa suna SRY, shi ne ke ba da umarni a gina 'ya'yan maraina. Su kuma 'ya'yan maraina su fitar da sinadarin maza, watau testostiron, wanda ke siffanta gaban namiji, da wani sinadarin na biyu da ke hana mahaifa fitowa. In babu wannan umarni, sai jiki ya bi hanyar mace. Kafin ciki ya wuce wata uku an gama yawancin wannan aiki.

Kun ga ke nan sarƙa ce mai gaɓa-gaɓa, kuma kowace gaɓa tana iya kucewa da ikon Allah. In ta kuce, shi ne ake haihuwar jaririn da ungozoma za ta duba ta rasa abin da za ta faɗa wa mai gida. Likitoci sun ƙiyasta wannan yana faruwa a kamar haihuwa 1 cikin 4,500. Babu ruwan maita, babu ruwan aljanu, kuma ba wani zunubi uwar ta yi ba.

Iyayenmu mata, a nan nake roƙon ku buɗe kunne, domin akwai rai a ciki. Mafi yawan abin da ke kawo wannan ga 'ya mace wani ciwo ne na wata 'yar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda, sunanta adirinal. Aikinta ta fitar da sinadarin da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki da wanda ke taimakon jiki lokacin wahala. In an haifi jariri da wannan ciwo, tsokar ba ta iya yin waɗannan, sai ta riƙa kwararo sinadarin maza tun a ciki. Yarinya ce sosai, XX, da mahaifarta da komai, amma sai a haife ta gabanta ya yi girma kamar na namiji, har wani lokaci a raɗa mata sunan maza. Ana samun ciwon a kamar haihuwa 1 cikin 15,000, kuma kusan uku cikin huɗu na masu irinsa mai tsanani gishirin jikinsu zuba yake yi ta fitsari. Jaririn zai yi kwanakin farko lafiya lau. Daga wajen kwana bakwai zuwa mako uku sai ya ƙi nono, ya kama amai, ya yi laushi, maɗiga ta faɗa, in ba a kai shi asibiti ba ya tafi. Ku duba lokacin fa: daidai ranar suna, gida ya cika da baƙi, ana ta hidima, mai jego kuma kunya ta hana ta faɗin abin da ta gani. Alhali maganin ƙwayoyi ne da ake sha kullum, da ɗan gishiri bisa awon likita, yaro ya rayu ya girma, yarinyar ma tana iya yin aure har ta haihu. Ɗa namiji shi ma yana zuwa da ciwon, kuma nasa ya fi ɓuya tunda gabansa ba ya nuna komai.

Ciwon nan na gado ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye yake fitowa, kuma in haka ne kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da shi. Don haka ya fi yawa inda ake auren zumunci, mu kuwa mun san kanmu a wannan fanni. Gidan da aka yi ta rasa jarirai cikin makonnin farko da amai ba zazzaɓi, kada a tsaya ga cewa wabi ne, a je a gwada jini.

Likitocin sun ba ni wata ƙa'ida mai sauƙi ta ungozomomi da wanzamai. Jaririn da ya yi kama da namiji amma aka laluba ba a ji ƙwan maraina ko ɗaya ba, ko wanda ƙofar fitsarinsa take a ƙasa ba a kan kai ba, ko jaririyar da gabanta ya yi girma fiye da ƙima, kada aska ta taɓa su. Ba kaciya, ba cire angurya. Fatar nan da wanzami zai yanke ya yar, da ita likita ke gyara hanyar fitsari daga baya.

Akwai kuma wanda ba ya bayyana sai an balaga. Yarinya ce kyakkyawa, ta yi ƙirji, ta kai shekara 16 ko 17 ba ta ga al'ada ba, watakila tana ƙarama an taɓa ganin kumburi a matsematsinta aka ce ƙaba ce. In aka gwada sai a tarar XY ce, da 'ya'yan maraina a ciki, babu mahaifa. Jikinta yana yin sinadarin maza amma ba ya jin sa sam, kamar a yi ta kiran kurma, sai ya gina kansa a siffar mace. Irin waɗannan kusan dukansu mata suke jin kansu, a mata suke rayuwa, sai dai ba sa haihuwa. Wadda ta kai waɗannan shekaru ba al'ada, a kai ta asibiti tun kafin a karɓi sadaki, ya fi a bari sai a gidan miji magana ta fito.

Daga binciken irin waɗannan mutane ne likitoci suka fara fahimtar abu na biyu, watau jinsin da mutum yake ji a ransa, sanin nan da kowannenmu yake da shi tun yana yaro cewa ni namiji ne ko ni mace ce. Galibinmu ba mu taɓa tunaninsa ba, don ya dace da jikinmu. Tambayar ita ce, daga ina yake zuwa, daga reno ko daga halitta?

A shekarun 1950 zuwa 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Money, ya koyar da cewa reno ne, wai jariri kamar farin allo yake, abin da aka rubuta kafin ya kai shekara biyu shi zai zauna. Sai ga wani yaro a ƙasar Kanada, ɗan tagwaye, an haife shi a 1965, aka ƙone masa gaba wajen kaciya yana ɗan watanni. Money ya ba iyayen shawara a yi masa aiki a rene shi a mace, aka sa masa suna Brenda, aka yi ta shela a littattafai cewa abin ya yi nasara. Ashe yaron bai taɓa yarda ba. Yana yage rigunan mata, yana faɗa da yara, ba shi da sukuni. Da ya kai shekara 14, a 1980, ubansa ya gaya masa gaskiya, nan take ya koma namiji, ya ɗauki suna David Reimer. Sai a 1997 wasu masana biyu suka fallasa yadda abin ya kasance a zahiri, shi kuwa ya kashe kansa a 2004 yana da shekara 38.

Wani darasin ya zo daga wani ƙauye mai suna Las Salinas a Jamhuriyar Dominika. Wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoto a 1974 kan wasu yara da ake haifa kamar mata, a rene su a mata, amma da sun kai wajen shekara 12 sai murya ta buɗe, gaba ya girma, ƙwanji ya fito. XY ne su, abin da suka rasa wani sinadari ne da ke ƙara wa testostiron ƙarfi a cikin ciki. Daga cikin 18 da aka rena a mata, 17 sun dawo suna jin kansu maza. Af, kuma dattawa, maganin nan finastarayid da ake ba masu kumburin da ke tsare fitsari, daga binciken yaran ƙauyen nan aka samo hanyarsa.

To kada wani ya ce shi ke nan, sinadari ne kawai. 'Yan matan nan masu ciwon saman ƙoda da na ambata, sun sha sinadarin maza tun a ciki, da yawansu sukan fi son wasan maza, amma kusan 95 cikin 100 na waɗanda aka rena a mata suna girma suna jin kansu mata. Inda likitoci suka tsaya ke nan: halitta tana da hannu babba, reno da zaman jama'a suna da nasu, kuma babu wani abu guda da za a nuna a ce shi ne sanadi. Saboda waɗannan darussa, bayan wani babban taro da aka yi a Shikago a 2005, ƙa'idar da ake bi ita ce kada a yanke wa jariri mata-maza jinsi da ka, sai an yi gwajin kuromosom da na sinadarai da hoton ciki, likitoci daban-daban sun zauna da iyaye, kuma yanzu da yawa suna ganin aikin da ba na ceton rai ba a jinkirta shi.

Yanzu sai abin da ya fi tayar da ƙura. Akwai mutumin da za a gwada shi daga sama har ƙasa a tarar jikinsa cikakke ne, namiji sosai ko mace sosai, amma abin da yake ji a ransa ya saɓa wa jikin, kuma saɓanin yana cin sa. Turawa na ce wa wannan jenda disforiya, ni dai na kira shi ƙuncin jinsi. Ba a ganinsa a jini, ba a ganinsa a hoto, ta hanyar zama da mutum da sauraronsa ake gane shi. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugun 2013, ya sa sharaɗi: sai abin ya ɗauki aƙalla wata shida, kuma yana jawo wa mutum damuwa mai tsanani ko yana hana shi karatu da sana'a da zama da mutane. Yaro mai son zama a madafa, ko yarinya mai hawan bishiya da buga ƙwallo, wannan kaɗai ba ciwo ba ne a wurinsu. Har ila yau sun raba shi da maganar wanda mutum yake sha'awa, wannan wani babi ne dabam. Haka ɗan daudu, wani sana'ar abinci ce da zama cikin mata ta kai shi, ya san kansa namiji ne, ba ya ƙin jikinsa, wani kuma a cikinsu mai yiwuwa yana da wannan ƙunci. Ba a ganewa daga tafiya ko karya murya.

Sunan abin ma ya sha canji. A 1980 aka fara sa shi cikin wancan littafi a jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, a 2013 suka ce damuwar ce abin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta cire shi daga babin taɓin hankali ta mai da shi babin lafiyar jinsi, aka fara aiki da haka a Janairun 2022. Ma'ana, mai wannan hali ba mahaukaci ba ne, yana cikin hankalinsa.

Wajen magani ne su kansu likitocin suka rabu, musamman a kan yara. Binciken da aka yi a Kanada da Holan ya nuna fiye da rabin ƙananan yaran da aka kawo da wannan damuwa ta bar su bayan sun balaga, ko da yake wasu masana suna sukar yadda aka zaɓo yaran. Wanda kuwa abin ya bi shi har bayan balaga, yawanci yakan zauna. Likitocin Amstadam ne suka fara, a ƙarshen shekarun 1990, ba da allurar tsayar da balaga daga shekara 12, sinadarin ɗaya jinsin daga 16, tiyata daga 18, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Daga baya Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 suka ja birki. Ingila ta sa wata babbar likitar yara, Hilary Cass, ta bincika, ta ba da rahoto a Afrilun 2024 cewa hujjar amfanin allurar nan ga yara mai rauni ce, aka daina ba da ita sai a cikin bincike. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta goyi bayan maganin a 2018 ta kuma jaddada a 2023, amma jihohi fiye da 20 sun hana, kotun ƙolinsu kuma ta tabbatar da hanin jihar Tenesi a Yunin 2025. Manya kuwa da aka yi wa magani, yawancinsu a binciken da aka yi sun ce sun sami sauƙi, kaɗan sun yi nadama. Sai dai tiyata ba ta canza kuromosom, ba ta ba mutum haihuwar ɗaya jinsin, tana kashe tasa haihuwar, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Allah gafarta malamai, ga ku zaune, ku ne masu fatawa. Ni dai abin da na taras a karatu, malamanmu na fiƙihu ba su taɓa jin kunyar wannan babi ba. Da mas'alar hunsa Shehu Halil ya rufe Muhtasar, aka duba ta inda fitsari ke fita, da gemu, da nono, da haila, kuma wanda ya rikice gaba ɗaya, hunsa mushkili, a mazhabarmu ana ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace. Ku duba, an ba shi gado, ba a kore shi daga gida ba. A zamanin nan kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1989, ta ce mata-maza ya halatta a yi masa magani da tiyata a bayyana jinsin da ya rinjaya a jikinsa, amma wanda halittarsa ta cika bai halatta ya juya zuwa ɗayan ba. A Iran Khumaini ya ba da fatawar halasci a shekarun 1980, su suna kan wannan. Mu abin da malamanmu suke kai shi ne na Makka, ni ma a nan na tsaya.

Amma hukuncin tiyata daban, yadda za ka yi da ɗanka daban. Wanda ƙuncin nan ya kama bai saye shi a kasuwa ba. Abin da likitoci na kowane ɓangare suka haɗu a kai shi ne, masu wannan hali sun fi sauran jama'a faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai, kuma duka da tozartawa da kora suna ƙara wannan haɗari, ba su taɓa cire abin daga zuciyar kowa ba. Mu nan baƙi ne a ƙasar Yarbawa. Yaron da aka kora daga Sabo ba shi da ƙauyen kaka da zai koma gobe da safe, tasha zai kwana, kuma kun san masu jiran irinsa a tasha. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ɗanka ko 'yarka ta zo maka da irin wannan magana, ko ka ga yaro ya shiga balaga ya daina cin abinci, ya daina fita, yana ƙin jikinsa, ka rufe ƙofa ka saurare shi, ka rufa masa asiri, ka nemi malami mai natsuwa, sa'an nan ka kai shi asibiti. A fara da gwajin jiki, don wani ana zaton ƙuncin zuci ne ashe mata-maza ne ba a gane ba tun haihuwa. In jiki lafiya yake, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara, su duba ko akwai baƙin ciki ko wata damuwa tare da shi, su yi maganinta.

Samari, ku kuma ga taku. An ce wasu suna sayen ƙwayoyin sinadarin mata a kemis, har da na tsarin iyali, suna sha don jiki ya canza. Waɗannan ƙwayoyi suna iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu, mutum ya faɗi, balle in yana shan taba. Allurar sinadarin maza kuma tana kaurara jini, in ta buɗe wa mace murya ba ta komawa. In kun san mai yi, ku gaya masa.

Allah ya sa muna zaune kusa da babban asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe tun 1957, daga nan ko da ƙafa ana zuwa, kuma akwai likitocin yara da na mata da na ƙwaƙwalwa a ciki. Ga kuma asibitin Aro a Abekuta. Ina roƙon shugaba da kwamiti su ware mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙe sirri waɗanda suke jin Turanci da Yarbanci, domin duk mai jego ko uban da ya ga abin da bai gane ba ya same su a asirce su raka shi, kuma a duba ko asusun ƙungiya zai iya ɗaukar kuɗin gwajin farko. Ungozomominmu da wanzamai kuma, in Sarki ya yi izini, a tara su ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar, ɗaya daga cikin likitocin ta yi alkawarin za ta zo ta yi musu bayani da Hausa.